Yadda ake hawa zuwa Kedarnath, garin ibadar 'yan Hindu a ƙuryar tsaunukan Himalaya

Babu titin mota da ya kai Kedarnath. Garin yana gundumar Rudraprayag ta jihar Uttarakhand, a arewacin Indiya, kan tsayin mita 3,583 daga doron teku, a gindin daskararriyar ƙanƙarar Chorabari inda kogin Mandakini ya samo asali. Rabin shekara dusar ƙanƙara ce ke riƙe da shi, kowa ya watse, har abin bautar ma ana saukowa da shi ƙasa. A ɗayan rabin kuwa jama'a ke ta kwarara, a shekarar 2023 kaɗai mutum kusan miliyan 2 suka hau. Akasarinsu da ƙafa suka je, wasu a kan alfadari, wasu a kafaɗar 'yan dako, masu hali kuma a jirgi mai saukar ungulu.

Nisan tafiyar ƙafar bai wuce kilomita 16 zuwa 18 ba, kuma wannan lissafin ne yake yaudarar mutane. Wanda ya saba zuwa gona ko kiwo zai ce ai wannan kafin azahar an gama. Abin da ke kayar da mutum a hanyar Kedarnath shi ne tsayi da sanyi da gaggawa. Duk matakan da ke tafe a kan waɗannan ukun aka gina su.

Mataki na farko: ka san inda za ka, da matsayinka a wurin

Kedarnath ɗaya ne daga wurare 12 da mabiya addinin Hindu suka fi tsarkakewa wajen bautar Shiva, ɗaya daga manyan ababen bautarsu, waɗanda suke kira Jyotirlinga, kuma shi ne mafi tsayi a cikinsu. Yana kuma cikin jerin wurare huɗu da ake zagayawa a ziyarar da suke kira Char Dham ta Uttarakhand: Yamunotri, Gangotri, Kedarnath da Badrinath. A labarin da suka gada, 'yan'uwan nan biyar da ake kira Pandava sun fita neman Shiva don ya yafe musu jinin da suka zubar a yaƙi, shi kuwa ya rikiɗe ya zama bijimi ya nutse cikin ƙasa. Tozonsa ne, in ji su, ya bayyana a Kedarnath. Shi ya sa abin da ke cikin ɗakin bautar ba sassaƙaƙƙen gunki ba ne, dutse ne mai kusurwa uku wanda masu ibada ke shafa wa man shanu.

Ga wanda ba Hindu ba akwai maganar da bai kamata a ɓoye masa ba. Wurin ibadar mutane ne, kuma a 'yan shekarun nan batun shigar baƙi ya ɗauki zafi a yankin. A 2024 an kafa alluna a wasu ƙauyukan gundumar Rudraprayag da ke hana waɗanda ba Hindu ba shiga yin talla, har sai da 'yan sanda suka sa baki. A watan Maris na 2025 'yar majalisar jiha mai wakiltar Kedarnath, Asha Nautiyal, ta yi kira a fili da a hana waɗanda ba Hindu ba shiga harabar. Saboda haka kafin ka kashe ko sisi, ka nemi sanin dokar da ke aiki a wannan kakar daga kwamitin da ke kula da haikalin Badrinath da Kedarnath, ko daga ma'aikatar yawon buɗe ido ta jihar. In an ce a'a, to a'a ce, kada ka je kana jayayya a ƙofar ɗakin bautar wani. Tsaunukan Garhwal, wato yankin da Kedarnath yake, suna da faɗi, akwai Chopta da sauran wuraren da za ka ga dusar ƙanƙara har ka gaji. In kuma hanya a buɗe take, ka tafi a matsayin baƙo mai ladabi. Musulmi ya sani babu masallaci a saman, sai ya yi sallarsa a ɗakin da ya kama, ya yi amfani da sauƙin da aka yi wa matafiyi. Masallatai suna can ƙasa, a Dehradun da unguwar Jwalapur ta Haridwar.

Mataki na biyu: zaɓen lokaci

Ana buɗe haikalin a ƙarshen Afrilu ko farkon Mayu, a rufe shi kwana biyu bayan bikin Diwali, ranar da suke kira Bhai Dooj, wato cikin Oktoba ko Nuwamba. Ranar ba ta tsayawa wuri ɗaya don da kalandarsu ake lissafi. A 2023 an buɗe ranar 25 ga Afrilu, a 2024 ranar 10 ga Mayu, a 2025 kuma ranar 2 ga Mayu. Malaman haikalin ne ke sanar da ranar a bikin Maha Shivaratri, daga haikalin Omkareshwar da ke Ukhimath, inda abin bautar ke yin hunturu.

Wata shidan nan ba ɗaya suke ba. Mayu da Yuni lokacin cunkoso ne: makarantu na hutu, zafi ya kori mutane daga Delhi da sauran biranen ƙasa, kuɗin ɗaki ya ninka, layin shiga haikali ya kai sa'o'i. Daga ƙarshen Yuni zuwa farkon Satumba damina ce, kuma a ganina babu dalilin da zai sa baƙo ya jefa kansa cikinta. Duwatsun nan ba su da ƙarfin riƙe ruwa. A watan Agusta na 2023 ƙasa ta zaftare a Gaurikund, inda hawan ƙafa ke farawa, cikin dare ta tafi da shaguna da mutanen da ke kwance a ciki. A daren 31 ga Yuli na 2024 ruwa kamar da bakin ƙwarya ya yanke hanyar ƙafar a wurare da dama, sai da aka kwashe dubban mutane da jirage da igiyoyi.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga tsakiyar Satumba zuwa tsakiyar Oktoba. Ruwa ya ɗauke, sama ta washe, ƙololuwar tsaunin Kedarnath mai tsayin mita 6,940 tana tsaye fes a bayan haikalin, jama'a kuma sun ragu. Sai dai dare yana da sanyi mai ratsa ƙashi, yakan sauka ƙasa da sifili.

Mataki na uku: likita da shirin jiki

A nan ya kamata a daɗe, don yawancin waɗanda ke rasuwa a ziyarar Char Dham kowace shekara ciwon zuciya da matsalar numfashi ne ke ɗaukarsu, haɗarin hanya yana biyo baya. A tsayin Kedarnath, iskar oksijin da ke shiga huhu a kowane numfashi kusan kashi biyu bisa uku ne na abin da mutum ke samu a bakin teku. Wuri mafi tsayi a Najeriya, dutsen Chappal Waddi na jihar Taraba, mita 2,419 ne, wato ko ka tsaya a ƙololuwarsa akwai sauran hawan fiye da mita 1,100 kafin ka kai ƙofar haikalin.

Hukumar lafiya ta Uttarakhand tana ba da shawarar a ware aƙalla kwana 7 ga tafiyar, don jiki ya samu sabawa, kuma duk wanda ya haura shekara 55, ko yake da hawan jini, ciwon suga, asma ko ciwon zuciya, ya ga likita tukuna. Mace mai ciki ta haƙura. Akwai kuma abin da ya shafe mu fiye da yawancin masu zuwa wurin, wato sikila. Mai SS bai kamata ya tunkari wannan tsayin ba sam. Mai AS ma, wanda a gida bai taɓa jin komai ba, yana iya gamuwa da toshewar jini a saifa idan ya hau sama da sauri, musamman in jikinsa ya bushe da ƙishirwa. Alamarsa ciwo ne mai tsanani a hagun ciki, ƙarƙashin haƙarƙari. In ba ka san ko jininka AA ne ko AS ba, ka yi gwaji kafin ka sayi tikiti, in kuwa AS ne, ka faɗa wa likita ƙarara tsayin da za ka hau.

Shirin jiki ya fara aƙalla wata guda ko biyu kafin tafiya. Tafiyar ƙafa kullum, ana ƙara nisa sannu a hankali. Hawan bene ya fi tafiyar fili amfani, don hanyar Kedarnath matakala ce da gangara. Ka riƙa yi da takalmin da za ka tafi da shi, da jakar goyo mai ɗan nauyi. Sabon takalmi a ranar hawa shi ne yake fasa wa mutum diddige tun kafin rabin hanya.

Akwai maganin da ake kira acetazolamide da ke taimaka wa jiki sabawa da tsayi. Likita ne zai ce ko ya dace da kai da kuma yadda za ka sha, kada ka saya a kemis bisa shawarar abokin tafiya.

Mataki na huɗu: takardu

Bayan biza, mai shiga Indiya daga ƙasashenmu yana buƙatar katin allurar rigakafin ciwon shawara. Sai rajistar ziyarar, wadda dole ce ga kowa. Ana yin ta kyauta a shafin intanet na ma'aikatar yawon buɗe ido ta Uttarakhand, ko a rumfunan rajista a Haridwar da Rishikesh, baƙo kuma da fasfo yake yi. Za a ba ka takarda mai ranar da aka sa maka, ana duba ta a Sonprayag, inda motarka za ta tsaya. Ka buga ta a takarda, kada ka dogara da waya. Wajen kama masauki kuma ka tambaya tun farko ko suna karɓar ɗan ƙasar waje, don doka ta ɗora musu cike wata takarda ga hukumar shige da fice, ƙananan masaukai da yawa ba sa son wahalar. Gidajen baƙi na GMVN, kamfanin gwamnatin jihar, su ne mafi sauƙin sha'ani, amma da wuri suke cika.

Mataki na biyar: kaya

Sanyin tsauni da tufafi kashi-kashi ake yaƙarsa: rigar ciki mai ɗumi, suwaita, jaket mai kauri, sannan rigar ruwa a sama. Da safe za ka sa duka, rana na ɗagowa ka rage, da la'asar ka mayar. Ka haɗa da hular sanyi mai rufe kunne, safar hannu, safar ƙafa ta ulu kamar ƙafa uku, tocila ta goshi, abin cajin waya na aljihu, tabarau na rana da man leɓe. Magungunanka na kullum su kasance a jikinka, kada su shiga jakar da aka ɗora wa alfadari. Dabino, gyaɗa da ɗan gishiri da suga na haɗa ruwa suna da amfani. Sanda kuwa ba sai ka ɗauko daga gida ba, a Gaurikund ana sayar da ta gora da araha.

Kuɗi ka riƙe tsaba, ƙananan takardun rupi. 'Yan ƙasa da waya suke biyan komai, baƙo kuwa da wuya ya samu wannan damar, na'urar cirar kuɗi ta sama kuma ba abar dogaro ba ce. Babban akwati ka bar shi a masaukinka na Guptkashi ko Sonprayag. Kowane kilo da ka goya, sai ka ji shi a gwiwa.

Mataki na shida: hanyar mota

Daga Delhi ana shiga jirgin ƙasa ko bas zuwa Haridwar ko Rishikesh, ko a hau jirgin sama zuwa filin Jolly Grant na Dehradun. Daga Rishikesh zuwa Sonprayag kusan kilomita 210 ne, amma wuni guda yake ci, sa'a 8 ko fiye, don titin yana bin gefen kogi yana lanƙwasa ba iyaka. Mai amai a mota ya sha magani tun kafin a tashi. Basa-basai da motocin haya da asuba suke fita, hukuma kuma takan hana su tafiyar dare a kan tsaunuka.

Za ka wuce Devprayag, inda kogin Bhagirathi da Alaknanda suka haɗu suka zama Ganga. In direba ya tsaya, ka leƙa: ruwa biyu masu launi daban suna tafiya kafaɗa da kafaɗa kafin su gauraya. Sai Srinagar (ta Garhwal, ba ta Kashmir ba, kada ka yi kuskure wajen sayen tikiti), sai Rudraprayag inda hanya ta rabu, ta dama ta nufi Badrinath, ta hagu ta bi kogin Mandakini zuwa Agastyamuni da Guptkashi.

Ka kwana a Guptkashi, Phata ko Sitapur. In da hali ka yi kwana biyu, ka huta, ka ɗan zaga da ƙafa. Masu haɗa tafiye-tafiye za su nuna maka jadawalin da aka matse komai cikin kwana uku daga Delhi zuwa Delhi. Arha ce, amma jikinka ne zai biya cikon.

Tun daga Haridwar ka manta da nama da ƙwai. Abincin hanya shinkafa da miyar wake da suke kira dal, gurasar da aka cusa wa dankali, taliyar leda mai saurin dahuwa, da shayi mai madara da citta.

Mataki na bakwai: da me za ka hau?

Motarka a Sonprayag za ta tsaya. Daga nan ƙananan motocin haya ne kaɗai ke ɗaukar mutane kilomita 5 zuwa Gaurikund, kuma a lokacin cunkoso layin shiga motar kan ci sa'a biyu ko uku. Gaurikund tana kan tsayin mita kusan 1,980, wato hawan da ke gabanka mita 1,600 ne a wuni ɗaya.

Hanya huɗu ce ban da ƙafa. Akwai alfadari ko ɗan doki, da mai jansa. Akwai dandi, kujera ce da mutum huɗu ke ɗauka a kafaɗa. Akwai kandi, babban kwando da mutum ɗaya ke goyawa da igiya a goshi, ana sa yaro ko tsohuwa marar nauyi a ciki tana kallon baya. Yawancin masu wannan aikin 'yan Nepal ne. Hukumar gunduma ce ke yanke farashi kowace shekara, akwai kuma rumfar biyan kuɗi a Sonprayag da Gaurikund. Ka biya a can ka karɓi rasit mai lambar mai dabbar, ya fi ka yi ciniki da wanda ya tare ka a hanya. Ka kuma dubi dabbar da idonka. An sha kai ƙara kan yadda ake gallaza wa alfadaran nan, ana sa su sawu biyu a wuni har su faɗi matattu a gefen hanya. In ka ga gyambo a bayanta ko tana ɗingishi, ka ce a sake maka wata.

Jirgi mai saukar ungulu yana tashi daga Guptkashi, Phata da Sersi, tafiyar kusan minti 10 ce. Tun 2023 ta shafin IRCTC, kamfanin tikitin jiragen ƙasa na gwamnati, ake sayar da tikitinsa, kuma sai da lambar rajistarka. Duk wanda ya ce zai samo maka ta WhatsApp ɗan damfara ne, shafukan bogi sun yi yawa a wannan harkar. Hazo na iya dakatar da tashi wuni guda cur, haɗari kuma na faruwa: mutum 7 suka mutu a watan Oktoba na 2022, wasu 7 a watan Yuni na 2025. Sannan ta fuskar lafiya jirgin ne ya fi jefa mutum cikin ciwon tsauni, don cikin mintoci kaɗan yake ɗaga shi kusan mita 2,000 jiki bai shirya ba. A watan Maris na 2025 gwamnatin tarayya ta amince da gina layin keken igiya mai tsawon kilomita 12.9 daga Sonprayag, wanda aka ce zai mayar da tafiyar minti 36, amma aiki ne na shekaru.

Mai lafiya da ya yi shiri, ƙafa ta fi masa.

Mataki na takwas: hawan

Ka kasance a Sonprayag tun ƙarfe 3 ko 4 na asuba, don ka bar Gaurikund kafin gari ya waye. Dalili biyu ne. Yanayin tsauni da safe yake da kyau, bayan azahar gajimare ke taruwa a fara yayyafi ko ƙanƙara. Kuma 'yan sanda sukan rufe hanyar hawa da rana, wanda ya makara sai gobe.

Kilomitocin farko su ne mafi ƙazanta. Hanyar a matse take tsakanin shaguna, ƙasa ta jiƙe da laka da kashin alfadari, santsi ko'ina. Za ka ji ƙararrawar wuyan dabbobi a bayanka da ihun masu jansu. Ga doka ɗaya da za ka riƙe har ka sauko: in alfadarai na zuwa, ka matsa jikin dutse, kada ka taɓa tsayawa ta gefen kwari. Alfadari bai san ya kauce ba, kayan da ke bayansa sun fi shi faɗi, kuma ƙarfen da aka kafa a gefe ba ko'ina yake ba.

Zango na farko Jungle Chatti ne, bayan kamar kilomita 4, sai Bhimbali. Daga nan za ka iso Rambara, ka tsallaka gada zuwa ɗaya gaɓar kogin. Ka tsaya ka dubi wurin. Kafin 2013 Rambara gari ne mai masaukai da shaguna, shi ne rabin hanya. A ranakun 16 da 17 ga Yuni na wannan shekara aka yi ruwan da ba a saba gani ba, tafkin Chorabari da ke saman Kedarnath ya ɓalle, ruwa da laka da manyan duwatsu suka gangaro. Rambara ta shafe gaba ɗaya. A faɗin jihar mutum fiye da 5,000 suka mutu ko suka ɓata, sojoji suka kwashe sama da 100,000. Tsohuwar hanya mai kilomita 14 ta tafi da ruwan, wadda ake bi yanzu sabuwa ce da aka sara a ɗaya gefen, ta fi tsawo, ta kuma fi miƙewa sama.

Daga gadar zuwa Lincholi nan ne aikin yake. Hanya tana nannaɗewa tana hawa, bishiyoyi suna ƙarewa, iska tana ƙara sanyi, numfashi yana gajarta. Za ka ga samari da suka wuce ka da gudu a ƙasa sun zube a kan dutse suna haki, wata tsohuwa kuwa da sandarta da ƙafa ba takalmi tana tafe taku ɗaya-ɗaya tana ambaton "Har Har Mahadev", kirarin Shiva, ta wuce su. Tafiyarta ita ce daidai. Ka rage taku har ya zama kana iya magana ba tare da haki ba. Kowace sa'a ka huta minti 5 zuwa 10, amma kada ka zauna har gumi ya bushe a jikinka, sanyi zai kama ka. Ka riƙa kurɓar ruwa ko ba ka jin ƙishi, aƙalla lita biyu a wuni. Shayi da ruwan lemun tsami suna nan a rumfuna, kuɗinsu na ƙaruwa da tsayi, kuma hakan daidai ne, don a bayan dabba aka hau da komai.

Ka riƙa sauraron jikinka. Ɗan ciwon kai da kasala da rashin son abinci alamun farko ne na ciwon tsauni: ka tsaya, ka huta, kada ka ƙara hawa sai sun lafa. Amma in amai ya ƙi tsayawa, ko mutum ya fara tangaɗi kamar mashayi, ko maganarsa ta rikice, ko yana haki alhali a zaune yake, ko tari da kumfa, ko leɓe ya yi shuɗi, to ruwa ne ke taruwa a huhu ko ƙwaƙwalwa ta kumbura. Maganinsa saukowa, nan take, ko da tsakar dare ne. Akwai ƙananan asibitoci a Bhimbali, Lincholi da Kedarnath masu iskar oksijin, da jami'an agajin gaggawa na jiha a kan hanya. Kada ka bar abokin tafiya ya ce "ku wuce zan biyo ku". 'Yan gwangwanayen oksijin da ake tallarsu a shaguna kuwa numfashi kaɗan ne a ciki, ba sa maye gurbin saukowa.

Wanda ya ga ƙarfinsa ya ƙare a Lincholi ya kwana a tantunan da ke nan. Sannu ba ta hana zuwa, kuma kwana a ƙasa kaɗan ya fi wa jiki. Bayan sansanin da ke sama hanya takan kwanta, kilomita ɗaya ko biyu na ƙarshe kusan fili ne, haikalin yana can gaba ana hango shi. Matsakaicin mutum yakan yi sa'a 7 zuwa 10.

Mataki na tara: a saman

Da isarka ka fara neman makwanci, ka cire jiƙaƙƙun kaya, ka sha abu mai zafi. Masauki a nan tanti ne, ko ɗaki mai gadaje da yawa, ko gidajen malaman da ke karɓar masu ziyara. Ruwan zafi da bokiti ake sayarwa, wanka kuma ba dole ba ne a daren nan. Kada ka sha maganin barci, yana rage numfashi. Barcin ma ba zai yi daɗi ba, kowa haka yake kwana.

Haikalin ginin manyan duwatsu ne masu ruwan toka, da mutum-mutumin bijimi Nandi a ƙofa yana fuskantar ciki. Ana danganta farfaɗo da shi ga malamin nan Adi Shankaracharya na ƙarni na 8, wanda aka ce a nan ya ƙare rayuwarsa. Makwancinsa na bayan ginin, inda Firaminista Narendra Modi ya buɗe mutum-mutuminsa a watan Nuwamba na 2021. Babban malamin haikalin, da ake kira Rawal, daga jihar Karnataka ta can kudu ake naɗo shi bisa al'ada. A bayan ginin kuma akwai wani ƙaton dutse da ambaliyar 2013 ta gangaro da shi ya tsaya daf da bango, ya raba ruwan biyu, haikalin ya tsira alhali gine-ginen kewaye sun rushe. Suna kiransa Bhim Shila, sun shafe shi da jan gari da furanni.

Masu shiga suna karɓar lambar layi, su cire takalmi, su bi sahu. An hana ɗaukar hoto a ciki, an kuma tsaurara kan masu ɗaukar bidiyo a harabar. Baƙo ya tsaya inda aka ce ya tsaya. Za ka ga masu zuhudu da suka shafe jiki da toka zaune gaban wuta. Kada ka ɗauki hoton kowa sai da izini, kuma ka sani yawanci za su nemi ɗan abin hannu. Da magariba ake bikin fitilu, da ƙararrawa da ganguna da busa ƙahon kodi, ana iya kallo daga filin waje.

Mai sauran ƙarfi, washegari da safe ya hau ɗan tudun Bhairavnath, ƙasa da kilomita ɗaya, daga nan ake ganin kwarin baki ɗaya da hanyar da ruwan ya bi. Tafkin Vasuki Tal kuwa kilomita 8 ne, ya haura mita 4,000, sai da ɗan jagora da ƙarin kwana.

Mataki na goma: saukowa

Ka taso da sassafe. Saukowa takan ci sa'a 5 zuwa 6, numfashi yana dawowa da kowane zango, amma gwiwa da yatsun ƙafa ne ke shan wuya, kuma yawancin faɗuwa a nan ake yinta, lokacin da mutum ya gaji ya saki jiki. Ka ɗaure takalmi tamau, ka sa sanda a gaba, ka taka gajere. Sauka a kan alfadari ta fi hawa tsoratarwa, don dabbar kan bi bakin kwari tana zamewa a kan jiƙaƙƙen dutse, da yawa sukan sauka su ƙarasa da ƙafa. Robar ruwa da ledar da ka hau da su ka sauko da su, shara ta zama babbar matsala a kwarin.

A Gaurikund akwai wani layin motar zuwa Sonprayag, don haka kada ka yi lissafin kama hanyar Rishikesh a ranar. Ka kwana a Guptkashi ko Rudraprayag. Tsakanin ranar saukowarka da ranar jirginka na barin Delhi ka bar aƙalla kwana biyu, saboda dutse ɗaya in ya faɗo kan titi a tsakanin Sonprayag da Rudraprayag, motoci kan yi wuni a tsaye kafin a share.